Wanda Ya Ɗaure Goran Rabe

Da hantsin ranar Laraba Rabe ya danna maɓallin injinsa, ƙarfen ya yi ƙas kamar kullum, amma bakin famfon sai ya yi tari, ya tofo laka cikin ludayi biyu, ya yi shiru. Mata wajen sittin na tsaye a layi da garewani da tuluna. Ya sake dannawa, ko ɗigo. Allurar da ke jikin akwatin injin kuwa tana nan can sama da rabi, ko kunya babu, tana cewa akwai ruwa. Wata tsohuwa ta ɗauki dutse ta ƙwanƙwasa cikin tankin, ya amsa da ƙarar abin da babu komai a cikinsa. Nan fa aka ɗora hannu a ka.

Shekarar saba'in da huɗu ce, wadda fari ya gama cinye shanun ƙasar Magarya ya juyo kan mutane. Rijiyoyin Garin Daso uku duk sun ƙafe. Gwamnati ta kafa musu tankin ƙarfe a kan dakalin siminti, motar ruwa na zuwa ta cika shi duk bayan kwana goma sha biyu, kuma ranar nan saura kwana huɗu ta dawo. Kwana huɗu ba ruwa a bazarar yankin Dogo-Dogo, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Da farko da ƙwarya ake rabon, kullum sai an fasa wa wata kai. Rabe ne ya kawo ƙarshen wannan. Mai gyaran rediyo ne, a Kano ya koyo, shan-inna ta shanye masa ƙafar hagu tun yana goye, da sanda yake tafiya. Ya ciro batir da agogon mai na wani mataccen kamiyo, babbar motar kaya, ya farke rediyo biyu, ya yi wata guda yana ƙona yatsu da dalma, har ya haɗa akwatin da in an danna shi zai buɗe famfo ya zuba garwa ɗaya cif ya rufe da kansa, allura kuma tana nuna abin da ya rage. Garwar matar Maigari da garwar bazawarar da ba ta da kowa duk ɗaya suke fita. Wata huɗu ana sa masa albarka. Ranar Laraban nan kuwa, kafin rana ta take tsaka, masu sa albarkar su ne ke neman duwatsu.

"Jiya allura ta ce akwai, yau babu! Wa ke riƙe da makulli? Gurgun nan ya sayar da ruwanmu!"

*

Jibo mai bin sawu na kwance ƙarƙashin aduwa a ƙofar gidansa aka zo kiransa. Shekara arba'in ya yi yana bin ɓarayin shanu, daga Waca har cikin Nijeriya, amma yanzu ɓarayin ma sun rasa abin sata, shi kuma gwiwoyi sun ƙi. Ya tashi da ƙyar yana mita, ya ja takalmansa na taya.

Maigari Isufu ya riga ya kulle Rabe a ɗakin ajiyar da ke bayan zaurensa, don kada a kashe shi a banza. Ya kuma tura ɗan aike Dungas a buga waya Magarya.

"Jandarma za su iso bayan la'asar," in ji Maigari, ko gaisuwar kirki bai jira ba. "Ka san sojan nan da suka hau mulki ba sa wasa da kayan agaji. Wanda suka ɗauka, sai dai a yi ta jin labarinsa."

"To ni me zan yi, ranka ya daɗe? Ruwa ba shi da kofato."

"Wanda ya ɗebe shi yana da ƙafa. Ka kawo mini shi kafin la'asar. In ba ka kawo ba, Rabe zan miƙa, don ba ni da wani."

"Ko da ba shi ba ne?"

"Jibo, na gaji."

Jibo ma ya gaji, wa bai gaji ba? Shi tun farko bai yarda da akwatin nan ba, amma a gabansa aka haifi Rabe, kuma ya ga fuskar ɓarayi sama da ɗari a rayuwarsa. Ya ce to, ya fita.

A gaban tankin ba abin karantawa. Ƙafa ɗari uku sun tattake ƙasar wurin, ta koma kamar masussuka. Ya tsaya ya yi musu kallon takaici, ya ce da ɗan gari ɗaya ke da hankali da an kewaye wurin kafin a fara ihu. Sai da ya zaga bayan shingen ƙayar ya ga abin da ya sa ya sunkuya, sawun raƙuma uku ne, na jiya, sun tsaya daf da shinge sun yi kudu.

*

Raƙuma uku a Garin Daso mutum ɗaya ke da su, Kyari Babarbare, falken da ke sayen fatun shanun da suka mutu yana ƙetarawa da su iyaka. Shi kaɗai ne farin nan ya yi wa ƙiba, saboda haka gari ba ya ƙaunarsa. Jibo ya same shi a rumfarsa cikin wari da ƙuda, yana barbaɗa wa fata toka.

"Jiya raƙumanka sun tsaya bayan tanki."

"Sun tsaya. Inuwa ce kaɗai a garin nan da ba a kore ni daga cikinta ba. Yanzu ita ma laifi ce?"

"Ana cewa kai Rabe ya sayar wa ruwa."

Kyari ya yi dariya har da buga cinya. "Malam Jibo, kai da ka san ƙasa! Rabin tanki a kan raƙuma uku? Sai dai in sun sha su tafi da shi a ciki. Je ka nemi Bafillace, in ma akwai wanda yunwa ta bari. Su ne ba a barin su da ƙwarya."

Wasan Barebari da Fulani ne, Jibo bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ya je inda aka ɗaure dabbobin ya ɗaga tafin ɗaya ya duba, ya koma ya auna sawun da yatsa. Raƙumin da ya ɗauki ruwa tafinsa na nitsewa, yashi ya tashi a gefe. Waɗannan sun zo da sauƙi sun tafi da sauƙi, busasshiyar fata ce a bayansu. Ya so a ce Kyari ne, wallahi ya so, da an huta. Amma ba shi ba ne.

*

Yana dawowa mata suka tare shi da sabon labari. Wai an leƙa ɗakin Ɗela an ga randa cike, an rufe ta da faifai an ɗora tsumma. A wannan zamani wa ke da randa cike in ba ɓarawo ba?

Ɗela mijinta ya tafi cirani Kano shekara biyu ba labari, ya bar mata tsohuwar uwarsa. Da Jibo ya yi sallama ba ta yi musu ba, ta ɗage faifan da kanta. Ya sa hannu ya ɗebo ya sansana. Ruwan ya yi sanyi, yana warin ƙasa, har gansakuka ta fara kama bakin randar.

"Wannan ya fi wata guda a nan."

"Wata biyu, Baba. Moɗa ɗaya nake ragewa kullum."

"Don me, ƴar nan? Kina kallonsa kina ƙishi?"

Ta nuna tabarmar da ke lungu da haɓa. Tsohuwar na kwance, numfashi sama-sama, ƙashi da fata. Ɗela ta sassauta murya.

"Da aka rasa maƙwabciyarmu Dada Gimbiya taimama aka yi mata, Inna ta ji labari ta yi kuka. Ta ce in ta cika in yi mata wanka da ruwa, ko yaya. Na yi mata alkawari. Da aka ƙara mana rabo zuwa garwa uku, shekaranjiya kuma huɗu, na ce to Allah ya kawo sauƙi, na daina ragewa. Ashe!"

Kunya ta kama Jibo har ya rasa inda zai sa ido. Ya mayar da faifan da hannunsa, ya gyara tsumman. A waje ya ce wa matan wadda ta sake taka ƙofar ɗakin nan shi da ita ne. Rana ta riga ta karkata, kuma ba shi da komai a hannu sai maganar ƙarin rabon, wadda ta tsaya masa a rai.

*

Rabe na zaune a kan buhun da babu komai, goshinsa a kumbure inda dutse ya same shi, sandarsa a karye gida biyu.

"Baba Jibo, wallahi ban sayar da ko moɗa ba."

"Na sani. Ba shi na zo tambaya ba. Akwatin nan naka ba shi da ido. Ta yaya ya san ruwan da ke cikin tanki?"

Ko a cikin wannan hali sai da fuskar Rabe ta ɗan washe, don ba a taɓa tambayarsa ba. Ya ce akwai goran duma a ciki, ya toshe bakinsa da kakin zuma, yana yawo a kan ruwa. An ɗaura masa zare mai ƙarfi, zaren ya hau ya naɗe a kan abin murɗa muryar rediyo. In ruwa ya sauka goran ya sauka, zaren ya ja, abin ya murɗa, wutar batir ta ragu, allura ta yi ƙasa.

"To in goran bai sauka ba fa?"

Rabe ya sunkuyar da kai. Jibo ya jira, jira kuwa shi ne rabin sana'arsa.

"Tun ranar Juma'a allurar ba ta motsa ba, Baba. Ranar da aka fara fita roƙon ruwa. Maigari ya zo ya duba ran Asabar ya ga tana inda take, ya ce albarkar addu'a ce, a ba kowa uku. Ran Litinin ya ce huɗu."

"Kai kuma ka yi shiru."

"Na yi shiru."

"Don ubanka, don me?"

"Ba na iya hawa tsanin tankin. In na ce wani ya hau ya duba mini, na ce injin ya lalace ke nan. Shekara talatin ana ce mini gurgu, wata huɗun nan ne kaɗai aka kira ni Malam Rabe. Na ce in mota ta zo sai in roƙi direba ya leƙa a ɓoye. Na ɗauka ruwan zai kai."

Jibo ya dube shi. Ransa ya ɓaci, tausayi kuma ya hana shi ƙara zagi. Ashe tun safe gari ke neman wanda ya kwashe rabin tanki a yini ɗaya, alhali bakinsu ne ya shanye shi garwa-garwa suna hamdala. Saura a san abin da ya tsayar da goran.

*

Matakin tsanin goma sha ɗaya ne, Jibo ya ƙirga su da gwiwoyinsa, kowanne da salati. Ƙarfen ya yi zafin da sai da ya naɗe tafinsa da gefen rawani. A sama akwai murfi, waya kawai aka murɗa a kansa. Ya kwance, ya ɗaga, ya leƙa.

Ga goran nan a rataye a iska, busasshe ƙayau, nesa da lakar da ke ƙasa. Ba maƙalewa ya yi ba. An kama zaren an ɗaure shi a jikin marikin ƙarfen da ke ƙarƙashin bakin murfin. Jibo ya kai fuska kusa ya dubi ƙullin. Madauki ne da aka zura aka lanƙwasa bakinsa, wanda ja ɗaya ke kwance shi. Manomi ba ya irin wannan ƙulli, falke ma ba ya yi. Ƙullin dangwali ne, igiyar da makiyayi ke jera maruƙa a kai kafin ya tatsi iyayensu. A bakin murfin kuma igiyar guga ta goge tsatsa ta bar layi mai sheƙi.

Daga nan sama ya hango abin da ba a gani daga ƙasa. Ta gabas an ɗan janye ƙaya ɗaya daga shinge an mayar da ita a karkace. Ya sauko, ya bi ta wurin. Taku ashirin daga shingen ya samu sawun, mutum ɗaya ba takalmi, dogon taku in zai zo, gajere mai nitsewa in zai koma. Tafiya biyar, ɗaya kan ɗaya. Jefi-jefi yashi ya dunƙule inda salkar ruwa ta ɗiga. Kwana biyar gari kaf, maza da mata da yara, suna filin Idi tun hantsi da tufafi a juye suna roƙon Allah, shi kuma wannan yana nan yana zura guga.

Sawun ya kai shi wani kufai da aka tashi daga cikinsa tun bara, tafiyar da mai lafiya zai yi a ɗan lokaci, shi kuwa sai da ya zauna sau uku. A bakin kangon farko ya ga kashin saniya, ɗanye, mai laushi, irin na dabbar da ke shan ruwa ta ƙoshi. Rabon da ya ga irinsa ya manta. Kusa da shi ga sawun kofato, na baya na dama yana da ɗan gibi a gefe.

Jibo ya zauna daɓas a ƙasa. Shi ya yi gibin nan da wuƙarsa, shekara shida da suka wuce, ranar da ƙaya ta shige wa wata maraƙa tasa.

*

Saniyar na tsaye a cikin kangon, an yi mata rumfa da tsohuwar tabarma. Ta rame, amma idonta da rai, cikinta kuma ya fito. Da ta ji warinsa ta miƙo wuya. Kusa da ita amininsa Bappa Bafillace na tsugune yana daddatsa mata ganyen gawo, bai ko ɗago ba.

"Tun safe nake jiran ka," in ji Bappa. "Ka tsufa, aboki."

Tare suka yi kiwo suna yara. Da shanun Bappa suka fara faɗuwa shekara uku baya, Jibo ya ba shi wannan saniya, Fure, habbanaye. Al'adar kuwa kowa ya san ta: za ka riƙe saniyar amininka har ta haifa maka uku, ƴaƴan naka ne, uwar ka mayar da ita da hannunka, da ranta. Daga baya garken Jibo ya mutu kaf, tara a wata guda. Bappa kuma ya ce masa Fure ta bi ƴan'uwansa kudu.

"Ka ce mini tana Nijeriya."

"Da cikin nan ba za ta kai ba. Maigari kuma ya ce ruwan tanki na mutane ne, dabba ko lasa. In na gaya maka na sa ka cikin laifi. Rabona nake ba ta, ni da matata Nafi muna shan abin da ya rage. Da cikin ya tsufa ya daina isar ta. Salka biyu nake ɗiba a rana, Jibo. Salka biyu! Na rantse ban ƙara ba. Ban san yadda aka yi tanki ya ƙare ba."

"Goran da ka ɗaure fa?"

Bappa ya ɗago da mamaki. "Wane? Au, wannan. Sai naɗe mini igiyar guga yake yi. Na ɗaure shi gefe in samu hanya, kamar yadda za ka kau da maraƙi. Wani ne ya jefa shi ciki?"

Jibo ya yi masa bayani, a hankali, yadda Rabe ya yi masa. Bappa ya saki wuƙar, ya riƙe kai da hannu biyu, ya yi ta innalillahi. Fure na lasar gwiwar hannun Jibo da harshenta mai kaushi. Ita kaɗai ta rage masa a duniya, ga ta da rai, ga ciki wata bakwai, ga damina saura ƙiris in Allah ya yarda. Ba wanda ya biyo shi. In ya koma ya ce sawu ya ɓace masa a kan fako, ba mai ƙaryata shi. Ya zauna da wannan tunani fiye da yadda zai so a sani.

"Za a miƙa Rabe bayan la'asar," ya ce daga ƙarshe. "Kwance ta mu tafi."

*

Ana sallame la'asar gari ya taru a ƙofar Maigari. An fito da Rabe yana dafa bango. Kyari ya zo, Ɗela ma tana can baya cikin mata. Sai ga Jibo ya ɓullo da goran a hannu da zarensa, Bappa na biye da shi riƙe da igiyar saniya. Kowa ya zuba mata ido, yara har sun manta yadda saniya mai tafiya take.

Jibo bai iya dogon jawabi ba. Ya ce raƙuman Kyari fata suka ɗauka. Ya ce ruwan Ɗela nata ne, wanda ya isa ya tambaye shi. Ya ɗaga goran ya faɗi aikinsa, ya nuna ƙullin, ya ja bakinsa sau ɗaya ya warware. Tsofaffin makiyayan da ke wurin suka dubi juna, suka dubi Bappa.

"Salka goma ya ɗiba a kwana biyar," in ji Jibo. "Ya yi sata, ba na wanke shi. Rabe ya ga allura ta tsaya ya yi shiru, shi ma ba na wanke shi, amma bai sayar da komai ba. Sauran ruwan kuwa, ranka ya daɗe, kai ka ce a ba da uku, ka ce a ba da huɗu, mu kuma muka miƙa garwa muka sha. Ni ma na sha."

Fuskar Maigari ta yi baƙi, amma bai musa ba. Hayaniya ta tashi, wannan karon a kan Bappa. A miƙa shi! Dabba ta sha, ƴaƴanmu su mutu? Duwatsun da aka tara wa Rabe da safe ba su yi nisa ba, wasu har sun fara sunkuyawa.

"To a miƙa shi," in ji Jibo, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa. "In jandarma sun tafi da shi sai ku sha me gobe?"

Ya juya wajen Kyari.

"Rijiyar Dogo-Dogo na da ruwa. Raƙumanka uku, sawu biyu a rana, kwana huɗu. Ba zai ƙosar da kowa ba, amma ba mai mutuwa. Me za ka karɓa?"

Kyari ya dubi saniyar tun daga ƙaho har wutsiya, kallon mahauci. "Wannan."

"Ba tawa ba ce!" Bappa ya yi tsalle ya shiga tsakani. "Amana ce. Ku kai ni Magarya, ku kai ni duk inda za ku kai ni, amma ba na ba da saniyar mutum."

"Ta wa ce?" in ji Maigari.

"Tawa ce," in ji Jibo. "Bappa, kawo igiyar. Ka mayar mini da ita da ranta, da hannunka, a gaban mutane. Ka sauke amana."

Bappa ya miƙa masa yana kuka kamar yaro, dattijo da furfura. Jibo ya riƙe igiyar ɗan lokaci kaɗan, sannan ya sa ta a hannun Kyari.

"Tana da ciki," ya ce. "Wata biyu ya rage."

"Malam Jibo, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba ni da ruwan ba ta. Gobe kasuwar Dungas ce."

"Na sani. Tashi ka ɗaura salkunan, rana na tafiya."

Can daga yamma ƙurar motar jandarma ta taso. Maigari ya miƙe ya gyara riga, ya ce zare ne ya sarƙe a cikin tanki, ba sata, kuma duk wanda ya faɗi wata magana daban ya nemi wani gari. Ya dubi Rabe ya ce gobe a ɗauke shi a kafaɗa a hau da shi ya gyara abinsa, daga yau kuma duk safiya mutum zai leƙa da ido. Rabe ya rarrafo ya kama ƙafar Jibo zai yi godiya. Jibo ya zame ƙafarsa, ba don fushi ba, ba ya iya jin ta ne kawai.

Bai tsaya ganin jandarma ba. Kyari ya riga ya tura raƙuman rijiya da yaransa, shi kuma ya ja Fure ya bi hanyar Dungas, hanyar da ta ratsa ta ƙofar gidan Jibo. Ya yi taku uku a kanta ya tsaya, don idonsa ba ya iya ganin ƙasa bai karanta ba, ga sawun Fure nan kuwa a kan yashi, sabo fil, har inda ta ja baya ta waiga kafin a fizge ta. Sai ya juya ya zaga ta bayan gari, ta cikin ƙaya da fako, hanya mai nisa ninki biyu, da gwiwoyin nan nasa.